Gwajin Fitsari Domin Gano Rikicewar Sinadaran Homon: Abin da Ya Kamata Mara Lafiya Ya Sani

Yawancin masu zuwa asibiti a Najeriya sun saba da a miƙa musu 'yar ƙaramar roba a ce su kawo fitsari, domin a duba ko akwai suga a ciki, ko ƙwayoyin cutar mafitsara, ko alamar juna biyu. Sai dai akwai wani gwajin da ba kowa ne ya taɓa jin labarinsa ba. A wannan gwaji, jarka guda ake ba mara lafiya, mai cin lita biyu zuwa uku, a umarce shi ya tara duk fitsarin da ya yi cikin sa'o'i 24.

Likitoci kan nemi wannan gwaji ne idan suna zargin sinadaran homon na jikin mutum sun rikice. Irin wannan rikicewa na iya zama dalilin hawan jinin da ya ƙi jin magani, ko ƙibar da ta zo ba gaira ba dalili, ko ɗaukewar jinin al'ada. Wasu daga cikin waɗannan cututtuka ana warkar da su sarai idan an gano su da wuri, wasu kuwa suna kisa idan aka yi sakaci. Saboda haka yana da muhimmanci mara lafiya ya san lokacin da fitsari ke ba da amsa, da lokacin da jini ne kaɗai zai bayar, da kuma yadda ake tara fitsarin ba tare da an ɓata sakamakon ba.

Mene ne homon?

Homon sinadarai ne da wasu sassan jiki ke sarrafawa su zuba cikin jini, jinin kuma ya kai su wasu sassan a matsayin saƙo. Ɗan kaɗan ne ake buƙata, amma idan suka yi yawa ko suka yi ƙaranci, jiki duka yakan ji.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da nauyinta bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, wadda likitoci ke kira adirinal. Ɓangarenta na waje yana samar da kotisol, wanda ke daidaita suga da bugun jini da yadda jiki ke jure wahala ko rashin lafiya. Yana kuma samar da aldostiron, mai kula da gishiri da ruwan jiki, da wani kaso na sinadaran mazantaka a jikin maza da mata. Ɓangarenta na ciki kuwa shi ke samar da adirinalin, sinadarin da ke sa gaban mutum ya faɗi kuma zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri idan ya firgita.

Homon na jinsi kuma mafi yawansu daga ma'ajiyar ƙwan mace da 'ya'yan marainan namiji suke fitowa. Su ne istirojin da furojestiron da testostiron. Akasarin wannan aiki yana ƙarƙashin umarnin wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari.

Me ya sa ake duba fitsari?

Bayan homon ya gama aikinsa, hanta takan sauya shi, ƙoda kuma ta tace shi ta fitar da shi cikin fitsari. Masana sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1929 masanin kimiyya ɗan Jamus, Adolf Butenandt, ya ware wani nau'in istirojin daga fitsarin mata masu juna biyu, sannan a 1931 ya tace dubban litoci na fitsarin maza kafin ya samu ɗan ƙanƙanin sinadarin mazantaka. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1939.

Babban dalilin tara fitsarin yini da kwana shi ne yawan homon a jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kotisol yakan kai ƙololuwa da sassafe, ya riƙa sauka har ya kai matakinsa mafi ƙasa wajen tsakar dare. Tsoron allura kaɗai yana iya ɗaga shi. Jinin da aka ɗiba sau ɗaya yana nuna halin wannan lokacin ne kawai, fitsarin sa'o'i 24 kuwa yana nuna jimillar abin da jiki ya fitar a rana.

Dalili na biyu shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na kotisol da ke jini a ɗaure yake da wasu sinadarai masu ɗaukarsa, ba ya aiki. Ragowar da ke sake ita ce mai tasiri, kuma ita ce ƙoda ke tacewa. Wannan ya sa macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin za a iya ganin kotisol ɗinta na jini ya hau alhali lafiyarta ƙalau, fitsarinta kuwa ya nuna ainihin halin da ake ciki.

Yadda ake tara fitsarin

A ranar farko, mara lafiya zai yi fitsarinsa na farkon safiya a banɗaki kamar kullum, ba zai zuba shi a jarka ba, amma zai rubuta lokacin, misali ƙarfe 6 na safe. Daga nan duk fitsarin da ya yi da rana da dare a jarkar zai shiga. Washegari da ƙarfe 6 na safe zai yi na ƙarshe ya zuba, wannan kuwa yana cikin lissafi.

Idan aka manta aka yi fitsari sau ɗaya a wani wuri, gwajin ya lalace, sai a sanar da ɗakin gwaji a sake sabon lale. Ma'aikata kan auna wani sinadari mai suna kiriyatinin domin su gane ko an tara fitsarin cikakke, amma gaskiyar mara lafiya ta fi komai sauƙaƙa aikin. Ya fi dacewa a zaɓi ranar da mutum zai wuni a gida.

Ana so a yi fitsari kafin a yi bahaya domin kada wani abu ya zube, a kuma kula kada ruwan tsarki ko jinin al'ada ya shiga. A ajiye jarkar a rufe a wuri mai sanyi. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kula da ƙanƙara za su wadatar, musamman a lokacin bazara. Wasu jarkokin akan zuba musu ruwan asid tun daga asibiti domin kada sinadarin da ake nema ya lalace. Ba a zubar da wannan ruwa, ba a yin fitsari kai tsaye cikin irin wannan jarka domin yana ƙona fata, kuma a nisanta ta daga yara. Sai a yi fitsarin a wani mazubi mai tsabta sannan a juye.

A sha ruwa kamar yadda aka saba. Wanda ya sha fiye da lita biyar a rana, kotisol ɗin fitsarinsa zai iya hawa ba tare da wata cuta ba. Mai ciwon ƙoda kuwa nasa kan fito ƙasa da yadda yake a zahiri, shi ya sa akan zaɓa masa wani gwajin.

Idan kotisol ya yi yawa

Yawan kotisol na tsawon lokaci shi ake kira ciwon Cushing, da sunan Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya bayyana shi a 1912. Fuskar mai ciwon takan kumbura ta yi zagaye, teɓa ta taru a ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Nankarwa mai faɗi takan fito a ciki da cinyoyi, fata ta yi laushi har ƙaramin bugu ya bar tabo. Tashi daga tabarma ko hawa bene yakan gagara saboda raunin cinyoyi. Sau da yawa hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi na biyo baya, mace kuma al'adarta ta rikice, gashi ya fito mata a haɓa. Yaro kuwa yakan yi ta ƙiba amma tsawonsa ya tsaya.

Gwajin fitsarin sa'o'i 24 ɗaya ne daga cikin gwaje-gwaje uku da ake farawa da su, kuma akan yi shi aƙalla sau biyu. Na biyu shi ne auna kotisol a yawu da tsakar dare. Na uku shi ne a ba mutum miligiram 1 na ƙwayar dezametazon wajen ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jininsa da ƙarfe 8 na safe a ga ko kotisol ya sauka. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, domin juna biyu da yawan shan barasa da ciwon damuwa mai tsanani da sugan da ba a shawo kansa ba duk suna iya ɗaga sakamakon. Idan ciwon ya tabbata, sai a nemi tushensa. A cikin waɗanda jikinsu ne ke samar da kotisol fiye da kima, kusan bakwai cikin goma ƙaramin ƙari ne a fituwitari ke jawo musu, kuma ana cire shi ta hanyar tiyata.

Sai dai mafi yawan masu ciwon Cushing a duniya daga magani suka same shi, kuma wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Dezametazon da furedinisolon magunguna ne masu amfani ga asma da ciwon gaɓoɓi idan likita ne ya rubuta, amma ana sayensu a kemis babu takarda. Wasu mata na haɗa su cikin magungunan ƙara ƙiba da aka fi sani da sha-ka-fashe. Akwai kuma mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da kotisol, irin su kulobetasol, waɗanda ke ratsa fata su shiga jini idan aka daɗe ana shafa su a jiki duka. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta ƙasa da ke buƙatar matakin gaggawa. Ƙibar da ake murna da ita daga irin waɗannan ƙwayoyi alamar ciwon ce, wato garin neman ƙiba an samo rama.

Ga irin wannan mara lafiya, gwajin fitsari na iya ruɗar da likita. Mai shan dezametazon kotisol ɗinsa kan fito ƙasa ƙwarai, domin maganin ya sa adirinal ta daina aiki, alhali jikinsa na nuna duk alamun yawansa. Likitan da ba a gaya wa gaskiya ba zai yi ta neman ƙarin da babu shi, mara lafiya kuma ya yi ta kashe kuɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a nuna wa likita kowace ƙwaya da allura da man shafawa da haɗin gargajiya da ake amfani da su.

Haka kuma wanda ya shafe fiye da makonni uku yana shan waɗannan magunguna kada ya daina rana ɗaya. Adirinal ɗinsa na buƙatar lokaci kafin ta farfaɗo, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo amai da faɗuwar bugun jini da suma, har ma da rasa rai. Likita ne ke rage adadin sannu a hankali.

Idan kotisol ya yi ƙaranci

Ƙarancin kotisol saboda lalacewar adirinal shi ne ciwon Addison. Thomas Addison na asibitin Guy's da ke Landan ne ya bayyana shi a 1855, kuma tarin fuka ne ya fi haddasa shi a wancan zamani. A ƙasashen Turai yanzu garkuwar jiki ce ta fi jawo shi, amma a ƙasashen da tarin fuka ke da yawa, kamar Najeriya, har yau yana cikin manyan dalilai. Alamunsa su ne kasala mai tsanani, rama, jiri idan an miƙe, kwaɗayin gishiri, da duhun fata, musamman a zanen tafin hannu da dasashi.

A nan fitsari ba ya wadatarwa, domin mai lafiya ma nasa na iya fitowa ƙasa. Jinin safe ake aunawa, a kuma yi wa mutum allurar da ke zaburar da adirinal, a sake ɗibar jini bayan minti 30 ko 60 a ga ko ta amsa. Wanda aka tabbatar yana da ciwon yakan rayu lafiya da ƙwayar da ke maye gurbin kotisol, muddin bai yanke ta ba.

Hawan jinin da ke da tushe

Mafi yawan hawan jini ba shi da dalili guda da za a cire. Amma akwai nau'i biyu da ke fitowa daga adirinal. Na farko ƙari ne a ɓangarenta na ciki mai zubar da adirinalin da dangoginsa. Mai shi yakan riƙa samun farmaki na ciwon kai da gumi da bugun zuciya, jininsa ya hau ƙwarai, sannan ya lafa. Akan ɗauka tsoro ne ko iska. Gwajin da ake yi shi ne auna metanefirin, ragowar adirinalin, a fitsarin sa'o'i 24 ko a jini. Ciwon bai kai mutum ɗaya cikin 100 na masu hawan jini ba, amma idan ba a san da shi ba yana iya tashi lokacin tiyata ko naƙuda ya yi kisa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi gadonsa suka yi, don haka akan duba 'yan uwansu. Wasu magungunan mura da na damuwa na gurɓata wannan gwaji.

Na biyu shi ne yawan aldostiron, wanda Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya bayyana a 1955. Ya fi na farko yawa nesa ba kusa ba, domin ana ƙiyasta yana tattare da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini. Akan zarge shi idan jini ya ƙi sauka duk da magunguna uku, ko sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa, ko ciwon ya kama matashi. Da jini ake fara bincike, fitsarin sa'o'i 24 kuma ya zo daga baya domin tabbatarwa.

Jarirai

Akwai ciwon adirinal da ake haihuwar jariri da shi, wanda ke samun kusan jariri ɗaya cikin 15,000. Sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar halittar ciwon yake bayyana, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa. Jikin jaririn ba ya iya samar da isasshen kotisol, sai ya karkata ga samar da sinadarin mazantaka. Jaririya kan zo da al'aurar da ke da wuyar tantancewa. Namiji kuwa ba a ganin komai a jikinsa, sai a mako na biyu ko na uku ya fara amai da ƙin shan nono da bushewar jiki saboda zubar gishiri. Wannan lamari ne na gaggawa. Da gwajin jini ake gano shi, cikakken nazarin sinadaran fitsari kuma ya taimaka wajen bambance nau'insa. Ɓoye irin wannan jariri saboda kunya na iya zama ajalinsa, alhali akwai magani.

Juna biyu, haihuwa da ɗaukewar al'ada

Gwajin homon a fitsari da ya fi shahara shi ne na juna biyu, wanda ke gano sinadarin hCG da mabiyiya ke samarwa. A 1927 wasu likitoci biyu a Balin, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka gano cewa fitsarin mai ciki na sauya ma'ajiyar ƙwan ɓeraye idan aka yi musu allurarsa. Daga shekarun 1930 kuma aka koma amfani da wani kwaɗo na Afirka ta Kudu, wanda ke saka ƙwai cikin sa'o'i kaɗan bayan allurar. Tsinken gwajin da ake saya a kemis a yau ya fi aminci idan an yi shi da fitsarin farkon safiya bayan ranar al'ada ta wuce. Sai dai ba ya nuna inda cikin ya zauna. Macen da gwajinta ya nuna ciki, kuma take jin ciwon mara a gefe ɗaya ko ɗigon jini, ta hanzarta zuwa asibiti, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Gwajin kan ci gaba da nuna ciki na wasu makonni bayan ɓari.

Akwai kuma tsinken da ke gano sinadarin LH, wanda ke hawa sa'o'i 24 zuwa 36 kafin ƙwai ya fito. Yana taimaka wa masu neman haihuwa, amma yana iya yaudarar macen da ke da ciwon nan na ƙananan ƙulle-ƙulle a ma'ajiyar ƙwai, da ake kira PCOS, domin nata LH kan daɗe a sama. Binciken rashin haihuwa na buƙatar gwajin jini da hoton mara da kuma gwajin maniyyin miji, domin a kusan rabin ma'auratan da ke fama da matsalar akwai dalili daga ɓangaren namiji.

Tsinken gano ɗaukewar al'ada kuwa amfaninsa kaɗan ne, domin sinadarin FSH da yake aunawa na hawa da sauka daga wata zuwa wata. Ga macen da ta haura shekara 45, alamun jiki da cikar watanni 12 babu jini sun isa hujja. Ƙarancin testostiron a namiji ma da jinin safe ake tabbatar da shi, sau biyu. Inda fitsari ya fi aiki a wannan fanni shi ne kama 'yan wasa masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari, kamar yadda aka yi wa ɗan tseren Kanada, Ben Johnson, wanda aka ƙwace wa lambar zinariya a gasar Olamfik ta 1988.

Gwaje-gwajen da ake tallatawa a intanet

A 'yan shekarun nan wasu kamfanoni na sayar da gwajin busasshen fitsari, inda ake jiƙa takarda sau huɗu ko biyar a rana a aika ƙasar waje, sakamako ya dawo ɗauke da sunayen sinadarai masu yawa. Auna homon ta wannan hanya na yiwuwa, amma ƙa'idojin ƙwararrun likitocin fannin ba su sanya ta cikin hanyoyin gano cututtukan da aka ambata ba. Kuma duk wanda aka auna masa abubuwa da dama, da wuya a rasa ɗaya da ya ɗan kauce, ko da lafiyarsa lau.

Akan haɗa waɗannan gwaje-gwaje da wani ciwo da ake kira gajiyar adirinal. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ba ta amince da samuwar wannan ciwo ba, kuma wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya duba bincike 58, bai samu hujjarsa ba. Haɗarin shi ne mai kasala ya shagala da sayen ƙwayoyi masu tsada, alhali abin da ke damunsa ƙarancin jini ne, ko ciwon suga, ko tarin fuka, ko ciwon damuwa, ko ma ciwon Addison na gaske.

Inda za a dosa

Gwajin homon yana biyo bayan tambayoyin likita da duba jiki, domin su ne ke nuna wane sinadari za a nema. Asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Maiduguri da Sakkwato da Ibadan da Legas, da Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da likitocin wannan fanni, waɗanda galibi su ne ke duba masu ciwon suga da maƙoƙo. Wanda za a tura ɗakin gwaji mai zaman kansa ya tabbatar yana da rajista da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwaje-gwajen lafiya.

Ma'aunin kowane ɗakin gwaji ya bambanta da na wani, don haka kada mutum ya kwatanta takardarsa da ta maƙwabcinsa ko da abin da ya gani a waya. A mayar da sakamakon ga likitan da ya nema, a tafi masa da kwalayen duk magungunan da ake sha da mayukan da ake shafawa.